Malam Maharazu Mai Sharar Jirgi da Kujerar Ƙarshe

Da an sallame sallar asuba, Malam Maharazu yakan naɗe kayan aikinsa a leda, ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar filin jirgin sama na Kano. Ba ya sa su tun daga gida, don a ganinsa rigar da za ta shiga bayin mutum ɗari huɗu bai kamata ta bi ta ƙofar masallaci ba. In ya isa ya sauya kaya, sai ya ɗauki bokiti da tsumma da safar hannu, ya je gindin matattakalar jirgi ya tsaya, shi da abokan aikinsa. Fasinja na sauka, wannan na gyara hula, wancan na laluben fasfo, ba mai ko kallon inda suke. Sai ƙafar ƙarshe ta taka ƙasa sannan su hau. Minti arba'in ake ba su, wata rana talatin, su mayar da jirgin tas kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba. Shekara talatin da biyar ya yi a haka. A watan jiya ya ajiye aiki, ya tattara ya koma Rurum, inda iyalinsa suke tun asali, inda kuma yake zuwa duk ranar da ya sami hutu.

Mu mutanen Rano da Kibiya mun iya girmama aiki, amma sai in aikin na da ofis da fanka. Lokacin da aka ji ɗan Rurum na aiki a filin jirgi, har daga Unguwar Gai ake zuwa gaishe shi, ana tsammanin shi ke ba jirgi hannu ya sauka. Da aka gane shara ce da wankin bayi, sai gaisuwar ta ja baya. Mai wannan rubutu ma yana cikin waɗanda suka yi wannan wautar, kuma yau kunya ce ta sa shi ɗaukar alƙalami.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarsu ta bakin masallacin Juma'a ya san mutumin nan ya san jirgi, sanin da ba a karanta shi a takarda. Samari kan tayar da musu a kan wane jirgi ya fi wani, sai a jefo masa tambaya. Yakan ce shi bai san ƙarfin inji ba, wannan aikin makanikai masu sifana ne. Amma a tambaye shi Jambo mai bene, zai faɗi layin kujerunsa da hanyoyinsa biyu da yawan bayinsa da inda kowanne yake. A tambaye shi mai inji uku, wanda ɗaya ke liƙe a wutsiya, ko ɗan siririn nan mai hanya ɗaya da ke zirga-zirgar Legas, zai faɗi inda sanyi ya fi kama ƙafa da inda ƙara ta fi cika kunne. Tsofaffin jirage, in ji shi, ruwa mai shuɗi ke wanke bayinsu a hankali. Sababbi kuwa zuƙa suke yi da wata irin ƙara mai tsinka zuciya, wadda in mutum bai saba ba sai ya ɗauka shi za a haɗiye. Kuma ya ƙirga takun ƙafa daga kowane layi zuwa bayi mafi kusa, a kowane irin jirgi da ya taɓa sharewa. Samarin kan yi dariya su ce, Baba, wannan kuma ilmin me ke nan. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbinsa.

Amfanin ilmin ya fito ne bayan dawowar mulkin siyasa. Shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, zukata suka karkata ga addini, masu mulki kuma suka shiga rabon kujerun Makka. Tsofaffin da ko Kano ba su fi zuwa sau uku ba a rayuwarsu sai ga su da fasfo a hannu. Ana yi musu bita sosai, a koya musu ɗawafi da safa da marwa da jifa, amma ba wanda ya tuna da awa biyar ɗin da za su yi a sama. Maharazu ne ke ganin sakamakon. Yakan tarar da bayi ya yi ambaliya saboda an yi alwala da buta cike, ruwa har kan dardumar hanya. Yakan tarar da gorunan ruwa a ƙarƙashin kujeru ba a ko buɗe su ba, domin tsofaffi, musamman mata, sun yanke wa kansu hukuncin kada su sha komai tun jajibirin tafiya, don kada buƙata ta kama su a gaban mutane. Cikinsu akwai masu ciwon suga da hawan jini, kuma ya ga waɗanda aka sauko da su a kan gadon ɗaukar marasa lafiya saboda haka kawai. Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abin da zai biyo baya ba daga bakinsa ya fito ba. Hajiya Yalwa ta Tarai ce ta bayar da shi, ita ta ce a rubuta, kuma a sa sunanta.

Shekara goma da suka wuce ta dawo daga aikin Hajji a cikin Jambo. Zafin Jidda ya sa ta sha ruwa ba yadda ta so ba. Ana cikin tafiya ta daure har ta kasa, ta miƙe ta nufi bayi, sai ta tarar da layi, rabinsa maza. Ta tsaya kanta a sunkuye. Da layi ya zo kanta ta ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, don irin ƙofar nan turawa ake yi ta naɗe a tsakiya. Tana cikin kokawa da ita, sai bayin da ke kusa ya saki ƙarar nan tasa. Ta juya ta koma kujerarta, kuma kafin a sauka abin da take gudu ya faru.

Jirgi ya sauka da hantsi. Alhazai suka yi ta fita suna kabbara, ita kuwa ta kafe a kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana roƙon Allah ya ɗauki ranta a wurin. Macen da ta aurar da 'ya'ya, wadda ake kai wa ƙarar rikicin gidaje a Tarai, ga dangi can waje sun cika mota biyu suna jiranta. Tana nan zaune masu shara suka hau. Tun daga nesa Maharazu ya gane ta, don ya san mijinta marigayi, kuma kallo ɗaya ya ishe shi sanin abin da ya zaunar da ita.

Ya ce wa abokin aikinsa, "Zailani, ku fara daga bene ku gangaro. Nan baya ni zan yi."

Da suka wuce, ya ɗauko bargo biyu ya ajiye a kujerar da ke kusa da ita ba tare da ya dube ta ba. Ya juya mata baya, ya kama goge wata taga da ba abin da ya same ta.

"Sannu da hanya, Hajiya. Ba kowa a nan sai ni, ni kuma taga nake gogewa."

Sannan ya je ya kira wata mata cikin ma'aikatansu, ya ce ga wata baiwar Allah sanyin jirgi ya kama ta, a taimaka mata ta sauka. Haka aka sauko da ita lulluɓe da bargo, dangi suka yi ta yi mata sannu da zazzaɓi. Shi kuma ya cire rigar kujera ya sauya, ya ci gaba da aikinsa.

Malam Maharazu, kai ne ka ga abin da da wani ne ya gani, kafin la'asar an ji shi a tashar Rano. Ka haɗiye shi, ko matarka ba ka gaya wa ba. Kuma da ka lura tun daga ranar Hajiya Yalwa ba ta iya haɗa hanya da kai, in ta hango ka a kasuwar Kibiya sai ta faɗa rumfar da ba ta da niyyar shiga, sai ka ɗauke mata wannan wahalar ma. In kai ka fara hango ta, kai kake sauya hanya. Shekara bakwai kuna haka, ba wanda ya lura.

Amma abin bai bar shi ya zauna ba. A shekarar da abin ya faru ya shiga bayin jirgi da igiya a aljihu, ya auna tsawo da faɗi da tsayin ƙofa, kowane awo ya yi masa ƙulli. Ya kawo wa wani kafinta a Rano, aka haɗa masa irinsa sak da falanki da langa-langa a bayan gidansa, kusa da rumbu, har da ƙofa mai naɗewa da sakatarta. Ya jera bencina a gaba, ya ɗaura musu tsofaffin bel. Ƙarar ce ta so ta gagare shi, sai ya tuna da injin markaɗen matarsa Jumai. Ya girke shi a bayan katanga, aka ɗaura zare daga cikin bayin zuwa wani gwangwani mai tsakuwa. In na ciki ya ja zare gwangwani ya yi ƙara, sai Maharazu ya fizgi injin ya yi ruri. Maza shi ke koya musu, mata kuwa Jumai, shi yana bayan katanga ba ya ganin kowa. Ya je wurin limami ya tambayo hukuncin alwala da taimama ga matafiyi, ya zo yana karantarwa yadda aka faɗa masa. Doka ɗaya ya kafa, ba mai zama a bencinsa sai ya shanye kofin ruwa.

Mutanenmu kuwa me za su yi in ba dariya ba. Aka sa wa wurin suna Jirgin Maharazu Mai Kwana Ƙasa. Dariyar ta ragu ranar da Muntari maharbi, mutumin Unguwar Gai da ake cewa bai san tsoro ba, ya shiga ya ja zare. Da injin ya yi ruri sai ga shi waje da ƙofar a hannu, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce gara da abin ya same shi a Rurum, ya biya kafinta, ya sake shiga. Daga wannan shekarar maniyyatan Rano da Kibiya suka mai da gidan wurin bita na biyu, kuma ko sisi ba a karɓa. Hajiya Yalwa dai ko hanyar ba ta bi, ta riga ta yi wa kanta alkawarin ita da jirgi har abada.

Sai ga waya daga inda ba a zata ba. Hajiya tana da wa, Alu, mahauci, wanda ya bi shanu kudu tun kafin yaƙin basasa, ya haye teku zuwa tsibirin da a lokacin ake kira Fanando Po, inda birnin Malabo yake. Can ya yi aure ya hayayyafa. Sau ɗaya ya zo gida, tana goyon ɗanta na uku, kuma cikin su shida da uwarsu ta haifa, su biyu suka rage. 'Yarsa Juwairiyya ce ta bugo wa Isiyaku, ɗan farin Hajiya, direban bas da ke jigila tsakanin Rano da Kano. Ta ce ɓarin jikin babanta ya shanye, harshe ya yi nauyi, likita ya ce a yi ta addu'a. Kalma ɗaya ce ke fita sarai daga bakinsa, ita ce Yalwa. An kara masa waya a kunne ya ture, shi mutum yake so ya gani.

A da, zuwa can sai an yi kwanaki a mota zuwa bakin teku, sannan a shiga jirgin ruwa, tafiyar da ba ta tsohuwa ba ce. Amma 'yan watanni kafin wannan lokacin wani kamfani ya buɗe sabuwar hanya, ƙaramin jirgi na tashi daga Legas kai tsaye zuwa tsibirin. Isiyaku ya ajiye mota ya yi ta zarya har takardu suka fito. Da ya kawo wa uwarsa, ta ce ba za ta ba. Yau ta ce gwiwa, gobe ta ce gyaɗarta ta isa cira, jibi ta ce teku. Tana faɗa tana hawaye, abinci ma ya gagare ta, amma ta yi ƙememe. Kullum Juwairiyya sai ta bugo, kullum jikin na ƙara yin ƙasa.

Isiyaku ya ɗauka ƙanƙantar jirgin ce ke ba ta tsoro, don shi ma tana ba shi. Ya hau babur ya tafi Rurum, ya sami Maharazu ya zo hutu. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai, ya ce an gaya masa akwai babban jirgi da ke zagayawa ta wata ƙasa, a sauka a sake hawa wani.

"Shi nake so in kama mana, Baba. Wataƙila in ta ji babba ne hankalinta ya kwanta."

Maharazu ya ajiye carbinsa. Ya san abin da ke hana ta, ya kuma san ba zai faɗa wa ɗanta ba ko da za a yanka shi. Babban jirgi shi ne ainihin abin da take gudu, hanya biyu, layi a bakin bayi, ido ɗari uku.

Ya ce, "Ƙaramin za ku hau."

"Mai farfela, Baba? A kan ruwa? Ni direba ne, na san bambancin doguwar bas da kiya-kiya a kan mugun titi."

"A titi ka sani. Irin wannan jirgin na share shi ya fi a ƙirga. Zai yi ƙara, zai ɗan girgiza ku, kada ka damu da wannan. Ƙofarsa a baya take, matattakalarsa 'yar gajeriya, gwiwarta ba za ta sha wuya ba. Kujerar ƙarshe za a nema mata, ta bakin hanya, kai ka zauna ta taga. Na Kano zuwa Legas ma haka."

"To in ta ƙi fa? Kawu ba zai jira mu ba."

"Ka je gida. Gobe Jumai za ta zo gaishe ta."

Abin da bai faɗa ba shi ne, a irin wannan jirgin bayi ɗaya ne, yana can baya daf da kujerar ƙarshe, kuma duk fasinja gaba suke kallo. Da Isiyaku ya tafi, sai ya yanko igiya, ya auna taku biyu, ya miƙa wa matarsa.

"Ki kai wa Hajiya Yalwa. Ki bari sai kun keɓe. Ki ce in ji ni, iyakar tafiyar ke nan daga kujerarta, kuma kowa ya ba ta baya."

Jumai ta dubi igiya ta dubi mijinta. "Tafiya zuwa ina, Malam?"

"Za ta gane."

Washegari Jumai ta isa Tarai, aka gaisa, aka yi jajen mara lafiya. Da ɗaki ya rage su biyu ta fito da igiyar ta isar da saƙo. Hajiya ta ce a lokacin ji ta yi kamar an tuɓe ta a kasuwa. Sai ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Me ya gaya miki a kaina?"

"Wallahi ba komai, Hajiya. Ni ma tun jiya nake juya abin a raina. Na tambaye shi ya ce za ki gane."

Hajiya ta dubi idon matar nan ta ga gaskiya take faɗa. Shekara bakwai tana zaton ko ba a faɗa a gari ba, an faɗa a ɗaki. Ta shimfiɗa igiyar a ƙasa, ta miƙe ta taka, ɗaya, biyu. Sai ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, Jumai na ba ta haƙuri ba tare da ta san na mene ne ba.

Washegari da sassafe ɗan acaɓa ya sauke Hajiya a Rurum. Maharazu na jin sallamarta ya zagaya bayan katanga, bai bari sun haɗa ido ba. Jumai ta miƙa mata kofin ruwa, ta dube shi kamar magani mai ɗaci, ta shanye. Aka nuna mata yadda ake tura ƙofa, yadda ake zura sakata, da 'yar gorar da za ta maye gurbin buta. Ta shiga ta ja zare. Da injin ya yi ruri sai ta zube a ƙasa. Maharazu ya kashe inji da sauri, ya tsaya da igiyar inji a hannu yana jin ya ɓata komai. Can sai murya ta ratso langa-langa.

"Malam, a sake."

Maganarta ta farko ke nan gare shi tun ranar bargo. Sau tara aka sake. A na ƙarshe ta fito tana gyara mayafi, ta ce wa Jumai ai injin nan yana buƙatar mai, ƙararsa ta fara shaƙewa. Shi kuwa Maharazu ya buga wa Zailani, wanda aiki ya mayar Legas, ya roƙe shi ya tsaya a wurin masu ba da kujera har sai an ba tsohuwar nan ta ƙarshe.

Isiyaku ne ya ba da labarin tafiyar, kuma bai ɓoye cewa shi ya fi jin jiki ba. Da farfela ta fara juyawa ya damƙi hannun kujera, bai sake ba sai da yatsunsa suka sage. Ƙasa ta ƙare, ruwa ya shimfiɗu iyakar ganin ido, ba gona, ba hanya, ba ko itace ɗaya da mutum zai ce ga inda ya dosa. Ya ce a nan ya san shi ba direba ba ne, kaya ne. Aka zo da ruwa, uwarsa ta karɓa ta sha. Da aka yi nisa ta kwance bel, ta miƙe, ta yi taku biyu. Ba wanda ya waiwayo. Ta dawo ta zauna, ta leƙa taga ta kan kafaɗarsa, daidai lokacin da wani dutse kore shar ya ɓullo daga tsakiyar teku, kansa a cikin gajimare. Ta yi ta tasbihi. Ta ce duwatsun Rurum duka in an ɗora su kan juna ba za su kai gwiwar wannan ba, ashe a gindinsa Yaya ya yi shekara arba'in da biyar. Sannan ta dubi ɗanta, wanda ba ta faɗar sunansa, ta ce, "Kai kuma direba, saki kujerar mutane haka nan."

Sun same shi da rai. Yana kwance ya rame, ido a rufe. Ta zauna a gefen katifa ta ce, "Yaya, ga ni." Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta, ya ɗago hannun da ke motsi ya kama gefen mayafinta, bai sake kiran sunan ba, don mai sunan ta zo. Ta dama masa kunun tsamiya da tsamiyar Tarai, ta riƙa ba shi da cokali, tana lissafa masa wanda ya rasu da wanda ya rage, da wanda ke noma gonar babansu yanzu. Kwana goma sha ɗaya suka yi tare. Ranar da ya cika, ita ce a kansa tana laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan ta dawo an gama karɓar gaisuwa, ta sa aka kai ta Rurum. Wannan karon a ƙofar gida ta tsaya, ta yi sallama, ta ce da mai gidan take son magana. Ya fito, suka tsaya fuska da fuska. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta so ta yi godiya, sai ta kau da kai. Shi ma ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya yi tambayar da ta fi damunsa.

"Hajiya, kin dai sha ruwa a hanya?"

"Na sha, Malam. Zuwa da dawowa."

"To, alhamdu lillahi."

Tun daga shekarar ita ke taya Jumai koyar da mata. A walimar da aka yi masa ta ajiye aiki, ba wanda ya shirya za ta yi magana. Daga ɓangaren mata ta sa aka miƙo mata lasifika, ta faɗi duk abin da kuka karanta a nan, da bakinta, gaban 'ya'yanta da surukanta. Ta ce asirinta ne, ya yi shekara goma a hannun mutumin nan bai yi ko ƙwarzane ba, yau ta karɓi abinta ta buɗe da kanta don garin nan ya san da wa yake zaune. Maharazu na zaune kansa a ƙasa, ya fi kowa jin kunya a wurin.

Malam, kai ne ka ɗauki aikin da muke toshe hanci in an ambata, ka fitar da ilmi daga cikinsa, ilmin ya kai wata mata ga ɗan'uwanta kafin ƙasa ta rufe shi. Ba ka tuƙa jirgi ba, ba ka sayar da tikiti ba, amma mun ga abin da ka yi, kuma ya fi ƙarfin bakinmu. Mun gode, a madadin Rano da Kibiya da ƙauyukansu.

Saura mu. Ma'aikacin asibiti, da direba, da mai wanki, da tela, da malamin makaranta, kowa aikinsa na nuna masa wani abu na mutane da ba su so a gani ba. Wanda ya gani ya ja bakinsa, sannan ya zauna ya yi tunanin yadda na gaba ba zai faɗa irin wannan ba. Hajiya Yalwa ita kaɗai ce ta tashi ta faɗa, amma a shekara talatin da biyar ba ita kaɗai Maharazu ya rufa wa asiri ba, kuma sauran ko yanzu ka tambaye shi zai ce bai tuna ba. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, Malam Maharazu, kamar yadda ka rufa wa mutanen da har gobe ba su san kai ne ba.